Kuɗin Kai Kaya a Shagon Intanet: Yadda Mai Sayarwa Daga Kebbi Zai Tsara Nasa Farashin

Mai sayar da kaya ta WhatsApp bai san wannan ciwon kan ba, domin kowane ciniki da baki ake gama shi. Mai saye ya ce yana Kaduna, a kira direba a tasha a ji nawa zai karɓa, a faɗa masa, ya turo kuɗi. Ranar da aka buɗe shago na sosai a intanet, mai kwando da shafin biya, wannan sauƙin ya ƙare. Mutum zai shigo ƙarfe biyun dare, ya zuba shinkafa da busasshen kifi a kwando, ya rubuta adireshinsa, kuma dole manhaja ta faɗa masa kuɗin kai kaya nan take, mai shago na can yana barci. Abin da ta faɗa ya zauna. In ya yi kaɗan, daga aljihunka za ka cika wa direba. In ya yi yawa, mai saye ya rufe shafi ya tafi ko sallama babu.

A Amurka ko Ingila manhaja takan tambayi kamfanin jigila kai tsaye, shi kuma ya ba ta farashi. A nan kuwa yawancin kayan da ke fita daga Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yawuri ta tasha suke fita, abin da 'yan kasuwa ke kira webil: a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali, a ba direba, a tura wa mai kaya lambar direban. Direban Sharon ba ya cikin kwamfutar kowa. Saboda haka mai shago ne zai rubuta farashinsa da hannunsa, kuma ba a gaban kwamfuta ake fara aikin ba. A tasha ake farawa, da biro da littafi.

Manhaja jiha ta sani, direba hanya ya sani

Duk manhajojin da aka fi buɗe shago da su, WooCommerce da Shopify da makamantansu, a kan abu uku suke gina kuɗin kai kaya: shiyyar da kaya za su je, nauyinsu ko kuɗinsu, da kuma irin kayan. Shiyya a wurinsu tarin ƙasashe ne ko jihohi. Ka zaɓi Najeriya, jerin jihohi 36 da Abuja ya fito, ka tara waɗanda kake so wuri guda ka yanka musu farashi.

A nan kuskuren farko yake shigowa, domin hannu yakan tafi kai tsaye ga tsarin da ya fi sauƙi: "cikin Kebbi" farashi ɗaya mai araha, "wajen Kebbi" farashi ɗaya mai tsada. Duk wanda ya san jihar ya san wannan lissafin ba zai tsaya ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato wajen kilomita 150 ne, mota kuma ba ta yankewa tun safe har yamma. Zuru da Yawuri suna cikin Kebbi, amma duk sun fi Sakkwato nisa. Mai shago a Zuru kuwa, tura kaya Kwantagora da ke jihar Neja ya fi masa sauƙi a kan tura su Kamba, duk da gwamnansu ɗaya da mutanen Kamba. Ƙananan hukumomi 21 ne a jihar, kuma farashi ɗaya ba zai rufe su ba sai an cuci wani: ko na kusa ya biya wa na nesa, ko mai shago ya biya wa kowa.

Tambayar da ta fi nisa muhimmanci ita ce: sau nawa kwalin zai canza hannu kafin ya isa? Kayan da suka hau mota ɗaya daga tasharka har tashar mai saye kuɗinsu ɗaya ne. Kayan da sai an sauke su a wani gari an sake ɗora su a wata mota, kuɗin direba ya zama biyu, ga na wanda zai karɓa ya miƙa, ga ƙarin kwana, ga haɗarin ɓata. Don haka garin da ke da nisa amma mota na zuwa kai tsaye yakan fi araha a kan ƙauyen da ke kusa amma sai an yi sauka biyu.

Mai shago a Birnin Kebbi zai iya raba ƙasar kamar haka. Cikin gari, inda ɗan kabu-kabu ko mai keke zai kai har ƙofar gida. Sai makusanta irin su Kalgo, Jega, Aliero, Gwandu, Bunza da Argungu, a haɗa da birnin Sakkwato. Sai Kebbi ta nesa, wato Yawuri, Zuru, Bagudo da su Kamba. Sai garuruwan layin gabas, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, Kano, a haɗa da Abuja in farashin tasha ya yi kusa. Sai layin kudu da ke bi ta Koko, Yawuri, Kwantagora, Jebba, Ilori, Ibadan har Legas. Na ƙarshe duk inda sai an yi sauyin mota, kamar yawancin garuruwan arewa maso gabas da na kudu maso gabas. Shiyya shida sun isa. Wanda ya yi goma sha biyar, ranar da man fetur ya tashi zai gane kurensa.

Abin da ke cikin kuɗin, banda na direba

Mutane da yawa abin da direba ya karɓa shi kaɗai suke rubutawa, sai ƙarshen wata su rasa inda riba ta shiga. Bari mu ɗauki misali. Alkaluman nan na koyon lissafi ne kawai, kowa ya je tasharsa ya ji na gaskiya. Kwali ne mai kilo 3 za shi Abuja. Kwalin da salatif da leda sun ci ₦600. Zuwa tasha da dawowa a keke ₦1,000, amma da yake saƙo huɗu aka kai lokaci guda, kowanne ya ɗauki ₦250. Direba ya karɓi ₦4,000. Ɗan kamasho ko mai lodi ₦300. Kiran direba da na mai kaya ₦50. An tashi ₦5,200 ke nan, alhali wanda ya rubuta na direba kaɗai ₦4,000 ya sa. Kowane saƙo yana cin ₦1,200 daga ribarsa bai sani ba.

Akwai sauran biyu da ba a gani da ido. Na farko kayan da suka dawo ko suka lalace. In a cikin saƙo ashirin ɗaya yakan samu matsala, kuma matsalar kan ci maka ₦6,000, to kowane saƙo sai ya ɗauki ₦300 na tanadi. Na biyu kuɗin kamfanin karɓar biya. Paystack ya daɗe yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100 a biyan cikin gida, yana yafe ₦100 ɗin in kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma ba ya wuce ₦2,000 komai yawan ciniki. Abin lura shi ne a kan jimillar da mai saye ya biya ake cirewa, har da kuɗin kai kayan. A ₦5,500, wato ₦5,200 ɗin can da ₦300 na tanadi, wajen ₦83 ke nan. Ba yawa, amma naka ne. Sai a tsayar da farashin a ₦5,600.

Wannan kuɗin ya kai kaya tasha ne kawai, ba gida ba. Dole sunan da za ka ba shi a shago ya faɗi haka ɓaro-ɓaro: "Karɓa a tasha, Abuja, kwana 1 zuwa 2". In ka rubuta "Kai kaya Abuja" ka yi shiru, Hajiya za ta zauna a gida tana jiran a ƙwanƙwasa mata ƙofa, direba na can yana kira yana faɗa zai juya da kaya. In kana da wanda zai karɓa ya kai gida a can, ka sa shi a matsayin zaɓi na biyu da nasa farashin.

Sikeli da tef ɗin awo

Kafin a taɓa saitin komai, kowane kaya a shagon sai an rubuta masa nauyi, kuma nauyin bayan an ɗaure shi, ba na tsurarsa ba. Lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta cika kilo ɗaya ba, wajen giram 910 ce, amma jarka mai lita 5 in an haɗa da robar da ledar da aka naɗe bakinta da kwalin, ta haura kilo 5. Sikelin kicin mai batir ya isa ƙananan kaya irin su kilishi, turare da huluna. Na rataye ya isa buhu.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Ɗaya barin gurbin nauyi babu komai. Manhaja za ta ɗauka kayan ba su da nauyi, sai buhun shinkafa mai kilo 25 ya faɗa farashin ƙullin yaji. Ɗayan kuma rikita ma'auni: shago na kan kilo, mai shago ya rubuta 500 yana nufin giram, sai ledar kilishi ta zama rabin tan. A duba ma'aunin da shagon ke kai tun farko, domin wasu shagunan kan zo a kan ma'aunin Amurka in ba a canza ba.

Sai maganar girma. Kamfanonin jigila ba nauyi kaɗai suke kallo ba, har da wurin da kaya suka cinye. DHL da wasunsa suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, abin da ya fito su kwatanta da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za a biya. Kwalin busasshen kifin Yawuri mai 50 da 40 da 30, lissafinsa 60,000 ne, in an raba ya ba da kilo 12, ko da a sikeli kilo 4 ne. Direban tasha bai san wannan lissafin ba, amma da ido shi ma haka yake yi: ya dubi kwali ya ce wannan ai ya cinye rabin but. Saboda haka kaya masu girma marasa nauyi, kifi, faifai, malfa, matashin kai, tabarma, a rubuta musu nauyin girman a shago, ba na sikeli ba.

Daga nan sai a yanka matakan nauyi, misali daga 0 zuwa kilo 2, sama da 2 zuwa 5, sama da 5 zuwa 10, sama da 10 zuwa 25, sama da 25 zuwa 50. Farashin bai kamata ya riƙa ninkawa daidai da nauyi ba. Direba ba ya karɓar ninki biyar a kan kilo 10 don ya karɓi kaza a kan kilo 2. Kilon farko shi ne mai tsada, na bayansa sauƙi suke yi. Wanda ya sa "₦1,500 kowane kilo" zai kori duk mai sayen buhu, kuma zai yi asara a kan mai sayen rabin kilo.

A kula da giɓi tsakanin matakai. In an rubuta 0 zuwa 2, sannan 3 zuwa 5, kwandon da ya tashi kilo 2.4 ba shi da mazauni. Abin da mai saye zai gani shi ne ba a kai kaya adireshinsa, kuma ba zai kira ya tambaya ba. Haka ma matakin ƙarshe: in ya tsaya a kilo 50, mai son buhu uku, wato babban cinikin ranar, shi ne za a rufe wa ƙofa. A bar matakin ƙarshe babu iyaka ta sama, ko a sa zaɓin da ke cewa za a kira shi a daidaita kuɗin mota.

Zubawa a WooCommerce

A saitin WooCommerce, sashen da aka rubuta wa Shipping, nan ake ƙirƙirar shiyyoyi. Kowace shiyya a ba ta suna, a zaɓi jihohinta, sannan a ƙara mata hanyar kai kaya. Guda uku ke zuwa da manhajar: tsayayyen farashi, kyauta, da zuwa a ɗauka da kai.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne manhajar daga sama take karanta shiyyoyi zuwa ƙasa, kuma ta farko da ta dace da adireshi ita take ɗauka, ta manta da sauran. In shiyyar "Najeriya duka" tana sama, ta Kebbi na ƙasa, mutumin unguwar Gesse ko Badariya a Birnin Kebbi zai ga kuɗin Legas. A ja ƙananan shiyyoyi sama, babba ta koma ƙasa.

Matsalar Kebbi ta kusa da ta nesa fa? WooCommerce bai san gari ba, jiha ya sani da lambar gidan waya. Lambar gidan wayar Najeriya mai alkaluma shida ce, kuma ana iya taƙaita shiyya da ita, amma mutum nawa ne a Jega ya san tasa? Yawanci abin da ya zo hannu ake rubutawa don shafi ya wuce. Gina farashi a kanta gini ne a kan yashi. Mafita ta kusa ita ce a cikin shiyyar Kebbi ɗaya a sa tsayayyen farashi sau uku, kowanne da sunansa: "Cikin Birnin Kebbi, har gida", "Jega, Argungu, Kalgo, Gwandu, Aliero, Bunza", "Yawuri, Zuru, Bagudo, Kamba da sauransu". Mai saye ya zaɓa da kansa. Lahaninta a fili yake, wani zai danna mafi araha ko da gangan ko da kuskure, kuma wanda ke sama a jeri shi ne yakan fito a zaɓe tun kafin a taɓa. Saboda haka kada mafi araha ya zama na sama, kuma duk odar cikin jiha a kwatanta adireshi da abin da aka zaɓa kafin a ɗaure kaya. Wanda cinikinsa na cikin jiha ya yi yawa, ya nemi ƙarin manhaja da ke ba da jerin garuruwa ko ƙananan hukumomi.

Gurbin farashin yana karɓar lissafi, ba lamba kaɗai ba. Ana iya rubuta 2500 a haɗa da 400 sau yawan kayan da ke kwando. Ana nuna yawan da haruffa uku, qty, a cikin baka mai kusurwa, alamar sau kuma tauraro ce. Mai turmin atamfa ɗaya ya biya ₦2,900, mai biyar ya biya ₦4,500. Wannan ya yi wa shagon da kayansa kusan girmansu ɗaya, atamfa, shadda, leshi. Ga shagon da ke da zobe da buhu a wuri guda kuwa, bai yi ba. Kada a sa waƙafi ko alamar naira a gurbin, lamba zalla ake so.

Maganin haɗakar kaya shi ne rukuni. A ƙirƙiri rukunai kamar "ƙanana", "buhu", "mai da ruwa-ruwa", "masu fashewa", a sa kowane kaya a nasa. A cikin tsayayyen farashin kowace shiyya za a ga gurbi ya fito wa kowane rukuni, kuma abin da aka rubuta a nan ƙari ne a kan farashin tushe, ba madadinsa ba. Mutane kan manta da haka su rubuta cikakken kuɗi a wuri biyu. A ƙasa akwai zaɓi mai muhimmanci: a caji kowane rukuni daban a tara, ko a ɗauki na rukunin da ya fi tsada kaɗai. Mai sayen buhun shinkafa da ledar daddawa bai kamata ya biya kuɗin mota biyu ba, daddawar a bakin buhu za a ɗaura ta. Amma buhu da jarkar man shanu kaya biyu ne a idon direba. Ka dubi abin da aka fi haɗawa a shagonka ka zaɓa.

Caji bisa nauyi kai tsaye ba ya cikin WooCommerce na asali, sai an ɗora ƙarin manhaja irin ta Table Rate Shipping ko wata mai aikinta. Sannan a duba gurbin haraji da ke jikin tsayayyen farashi. In an kunna haraji a shagon aka bar gurbin yadda ya zo, harajin kayan masarufi na kashi 7.5 zai iya hawa kan kuɗin motar ma.

Zubawa a Shopify

Shi kuma Shopify matakan nauyi da na kuɗi a cikinsa suke, ba sai an ɗora komai ba. A sashen Shipping and delivery ake ƙirƙirar shiyya, a buɗe Najeriya a zaɓi jihohi, sannan a ƙara farashi, a gindaya masa sharaɗi na nauyi ko na jimillar kuɗin kwando. Jiha ɗaya ba ta shiga shiyya biyu a tsarin kai kaya guda, wanda Shopify ke kira profile, don haka dabarar sunaye daban-daban a cikin shiyyar Kebbi ita ce a nan ma. Nauyin kwalin da aka ajiye a matsayin na kullum yana shiga lissafi, sai a tabbatar ba a bar wani adadi da bai dace ba a wurin.

Tarkonsa yana wajen keɓe wasu kaya a tsari na daban. Abu ne mai amfani, a ware buhuna da farashinsu, a bar sauran kaya a tsarin gama-gari. Amma in mai saye ya haɗa kaya daga tsari biyu a kwando ɗaya, Shopify tara kuɗin biyun yake yi. Buhu ₦7,000, turmin atamfa ₦4,000, sai ya ga ₦11,000 a kan abin da mota ɗaya za ta ɗauka. In nauyi kaɗai ne ya bambanta kayanka, bar su a tsari ɗaya matakan nauyi su yi aikin. A keɓe abin da ke da wata hanyar tafiya daban ne kawai, kamar kayan da daga Argungu ake ɗora su ba daga shago ba.

Manhajojin gida irin su Bumpa sun fi sauƙin hannu, yawanci sunan wuri da farashinsa ake rubutawa. Littafin da aka cika a tasha shi za a kwafe. Akwai kuma kamfanonin da ke tattara farashin 'yan jigila wuri guda, irin su Sendbox, Shipbubble da Terminal Africa. Kafin a jingina da su a tabbatar akwai mai zuwa ɗaukar kaya a garinka, don farashi ya fito a allo ba shi ne wani zai zo Bunza ya karɓi kwali ba.

Kyauta, da biya in kaya sun iso

"Kai kaya kyauta" yana jan ciniki, amma direba bai san kyauta ba, wani ne zai biya shi. Lissafinsa gajere ne. In ribarka kashi 20 ce cikin ɗari, kuɗin kai kaya kuma ₦4,500, to a cinikin ₦22,500 ribar duka ta tafi tasha. In kana son ko rabinta ta rage, iyakar kyauta ba za ta yi ƙasa da ₦45,000 ba. Kuma iyakar ta zama ta kowace shiyya daban, ta Sakkwato ba ta Fatakwal ba ce. Buhuna a cire su gaba ɗaya daga kyauta, domin shinkafa tana da tsada da nauyi amma ribarta siririya ce, buhu ɗaya ya haye iyakar ya cinye ribar buhu uku. A WooCommerce akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko iyakar kafin ragi za a duba ta ko bayan ragi. In ana duba ta kafin ragi, mai lambar ragi zai ci biyu. A kuma gwada a gani ko zaɓin kyautar yana fitowa gefe da gefe da na biya, kada wani ya biya abin da aka yafe masa ya dawo yana ƙorafi.

Biya bayan kaya sun iso kuwa, a tsare shi a cikin gari inda yaron shago zai kai ya karɓo. WooCommerce yana ba da damar ɗaure shi da wasu hanyoyin kai kaya kaɗai. A webil ba shi da wuri, direba ba mai karɓar bashi ba ne, kuma kayan da aka ƙi karɓa a Kano kuɗin mota biyu ne a kanka.

Lokacin isa shi ma a rubuta shi da sassauci. Direbobi da yawa ba sa bin wasu hanyoyin Zamfara da na ƙasar Zuru in yamma ta yi saboda matsalar tsaro, don haka odar da ta shigo bayan azahar ta gobe ce. A rubuta ƙarfe nawa ake rufe lodin rana. Damina na ɓata hanya, gab da Sallah kuɗin mota na tashi, lokacin kwasar albasa da shinkafa wurin kaya na yin wuya. Webil kuma kacokan a kan waya ya dogara. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, ko mota ta isa babu yadda direba zai kira mai kaya. Shi ya sa yake da kyau shafin biya ya nemi lambar waya biyu da sunan tashar da mutum ya fi kusa da ita.

Ƙasashen waje: rufe ƙofar har sai ka shirya

A ƙasan jerin WooCommerce akwai shiyyar da ke kwashe duk wurin da sauran ba su rufe ba. In aka sa mata farashi don kada ta zauna fayau, wata rana wani a Landan zai sayi kifi ya biya kuɗin motar Gusau. A bar ta babu komai, kuma a babban saiti a taƙaita sayarwa ga Najeriya. Nijar da Benin suna maƙwabtaka da Kebbi, daga Kamba zuwa Gaya ta Nijar ba wata tafiya ba ce, amma iyaka ba ta da tabbas. An rufe ta a watan Agusta na 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Irin wannan cinikin a bar shi a waya. Kilishi kuma, ƙasashe da yawa, har da Amurka da Ingila, suna da tsauraran dokoki kan shigo da nama, kwali na iya tsayawa a kwastan ɗinsu kuɗin jirgi ya tafi a banza.

Gwaji

Bayan an gama zubawa, a buɗe shagon a wata wayar da ba a shiga da sunan mai shago ba, a yi ciniki kamar baƙo. Adireshi ɗaya daga kowace shiyya. Kaya mafi ƙanƙanta shi kaɗai, mafi nauyi shi kaɗai, sannan biyun a haɗe. Kwandon da ya faɗa daidai kan iyaka, kilo 2 cif, kilo 5 cif, da wanda ya gaza iyakar kyauta da naira ɗaya. A bi jihohi 36 da Abuja ɗaya bayan ɗaya a ga kowace ta ba da farashi, domin jihar da aka tsallake wajen zaɓe ba ta yin ƙara, ciniki kawai ke daina zuwa daga can. WooCommerce yakan riƙe tsohon farashi na ɗan lokaci bayan an canza. A saitin kai kaya akwai maɓallin gano matsala, in an kunna shi yana nuna shiyyar da adireshi ya faɗa kuma yana tsallake abin da aka riƙe. A kashe shi in an gama, don masu saye ma suna iya ganin rubutun.

Farashin kuma ba ya zama. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tasha ya daina jiran shekara kafin ya motsa. A littafin webil a ware layi biyu ga kowane saƙo, abin da shago ya karɓa da abin da aka kashe a zahiri. Ƙarshen wata a tara na kowace shiyya daban. Wadda kashewarta ta wuce karɓarta da kashi 10 cikin ɗari, a gyara farashinta a ranar, sauran a bar su yadda suke.